Daga Bakin Akwati: Allurar Sin, ƙaho, da ciwon wuya iri biyu

Ƴan uwa matan asusu na Madawa da Buza da Keita, har da na ƙauyukan da takardar nan ba ta isa sai an ci kasuwa biyu. Barkanmu da ganin bayan ɗari. Kamar kullum, wadda ta iya karatu ta daure ta karanta ma sauran da ƙarfi ranar zubi, bayan an rufe akwati, kafin kowa ta ce ta bar tukunya bisa wuta.

Kowa ta ga alamun da idonta. Da asuba ana jan zane har ka, kafin hantsi an jefar da shi. Ruwan randa ya bar cizon haƙori, man shanun da ya daskare tun Disamba ya saki. Bedi ya yi fure, mangwaro ya ɗaura ƴaƴa, guguwa ta fara yawo bisa fako da rana tsaka. A fadamun Tarka da Majiya albasa ta kwantar da ganye, an shiga cira da yanka da dakan gabu. Igiyar guga kuwa kowane mako sai an ƙara mata. Ɗari bai gama tafiya ba, bazara ba ta gama zama ba, kuma tsofaffinmu sun daɗe suna cewa a wannan tsakanin ne jiki ke motsawa. Ga mura da tari, ga haɓo wajen yara, ido ya yi ja, diddige ya yi faso. Ga baya da gwiwa da wuya, waɗanda aikin albasa da jan ruwa ke tayarwa a lokaci guda.

Maganar baya da wuyan nan ce ta kawo mu. Ƙungiyoyi daga wajen Bangi da Tamaske sun aiko da tambaya kusan iri ɗaya, bisa abin da mutane ke kira allurar Sin. Wasu a rediyo suka ji ta, wasu a WhatsApp suka ga hoton mutum kwance bayansa cike da allurai kamar bushiya. Wata ƙungiya ma ta tambaya kai tsaye: ƴar uwarsu ta yi shekara uku da ciwon baya, shin a fidda mata bashi daga akwati ta tafi Yamai a yi mata? Mun tambayi ma'aikatan likita, mun karanta abin da muka samu, ga abin da muka tattaro.

Da farko dai ba allura ba ce irin ta likita. Babu ruwan magani cikinta, ba ta da rami ma. Ƙarfe ne siriri, bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, ana soka shi a wasu wurare na jiki a bar shi kamar minti 20 ko 30, sannan a zare. Jini ba ya fita, ko ya fita ɗigo ne. Mutanen Sin, waɗanda muke ce ma Shinuwa, sun fi shekara 2,000 suna yinta. A nasu bayanin, akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, in ya toshe a wani wuri sai ciwo ya tashi, allurar ce ke buɗe hanyar. An ƙidaya wuraren sukan, 361 ne aka yi ittifaƙi a kansu. Wani lokaci suna haɗawa da ƙona wani ganye kusa da fata don ya ɗumama wurin, kuma ganyen dangin tazargade ne, wanda muka sani. Suna yin ƙaho su ma, da kofin gilashi. A 2010 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yadda suke kallon sauyin lokaci. Mu malaman lissafinmu sun raba shekara taurari 28, kowane tauraro kwana 13. Su kuma sun raba ta gida 24, kuma gidan da suke ce ma shigowar lokacin tsiro yana faɗowa wajen 4 ga Fabrairu. Tsofaffin littattafansu sun haɗa wannan lokaci da hanta da iska, suna cewa mutum ya tashi da wuri, ya motsa jiki, ya rage fushi, kada ya yi gaggawar tuɓe kayan sanyi. Da muka ji sai muka ce ashe ba mu kaɗai ke raba ciwo zafi da sanyi ba. Sai dai a lura, su ƙanƙara ce ke narkewa ƙasa ta yi kore. Mu rana ce ke tahowa, wadda a Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a jihar Tawa kusan kullum. Shawarar da aka tsara ma mutumin da ke fitowa daga ƙanƙara ba a ɗauko ta ɗungurungum a ɗora ma mai shiga bazarar Adar.

A Nijar kuwa ba baƙuwa ba ce sosai. Tun 1976 ƙasar Sin ke aiko da tawagar likitoci, kuma cikinsu akwai masu wannan allura. Yanzu a babban asibitin nan na Yamai da Sin ta gina, wanda aka buɗe a 2016, suke aiki. Daga Madawa wajen kilomita 500 ke nan.

To tana magani? Amsar ba ta da tsawo. An yi bincike da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma inda aka fi ganin amfaninta shi ne ciwon da ya daɗe: ƙugu, wuya, gwiwar tsufa, ciwon kai mai dawowa. A nan ma sauƙi take kawowa, ba warkarwa ba, kuma sauƙin matsakaici ne. Har an gwada soka ta a wuraren da ba su ne aka ƙidaya ba, ba tare da maras lafiya ya sani ba, sai aka ga sauƙin da ya samu bai yi nisa da na ainihin ba. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fidda jagora bisa ciwon ƙugun da ya wuce wata uku. Ta sa allurar cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki da tausa, ba ta ɗora ta sama da su ba. Ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ta maganin tarin fuka, ba ta sa haihuwa, ba ta wanke hanta. Kuma ba sau ɗaya ake yi a gama ba, sai an yi ta komawa makonni.

Saboda haka ga ƙungiyar da ta yi tambaya, ga namu ganin. In an haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan rakiya, da ci da sha na makonni a gidan mutane, sannan a ɗora ribar da muke ɗora ma bashi, ƴar uwar nan za ta dawo da sauƙin ƴan watanni da bashin da zai ci mata akuya. Tulu da turmi kuma suna nan suna jiranta. In tana da ɗa ko ƙane a Yamai, da ma za ta je, to ta gwada, a asibiti, wurin wanda ya koya, da allura sabuwa da aka ɓare gabanta. Amma kafin maganar Yamai, a fara kai ta asibitin gunduma a duba bayan. Madawa da Buza da Keita kowace na da nata, ga na Galmi, ga babban na Tawa. Don akwai ciwon bayan da ba na gajiya ba ne: wanda ya zo da rama da tari da zufar dare, wanda ƙafa ke mutuwa ko fitsari ke kuɓucewa, wanda ya biyo bayan faɗuwa, wanda ke tare da zafin fitsari. Waɗannan ba na allurar Sin ba ne, ba na wanzami ba ne.

Kada a ce mun raina maganin mutane. Ƙwayoyin zazzaɓin da muke karɓo ma ɗiyanmu in ya kama su, asalinsu daga wani ganye ne na maganin gargajiyar Sin, shi ma dangin tazargade. Wata mata ce mai suna Tu Youyou ta jagoranci aikin tace shi a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mace ce fa. Amma sai da aka gwada, aka auna, aka san yawan da ke warkarwa, sannan ya zama magani. Abin da muke tambaya ke nan bisa kowane magani, na Sin ne ko na Bature ko na kakanninmu: wane ciwo aka ga yana yi ma aiki?

Wannan ya kawo mu ga masu yawo kasuwa-kasuwa. Ƴan uwa da dama sun ba mu labarin masu zuwa da wata na'ura, ki riƙe ƙarfe ko ki ɗora tafin hannu, cikin minti biyu kwamfuta ta lissafo maki ciwon hanta da ƙoda da mahaifa, sannan a fiddo kwalabe a ce jika goma, in kin roƙa jika bakwai. Wasu har da ƴan allurai ko abin da ke jan fata kamar lantarki, suna cewa ai irin na Shinuwa ne. Babu na'urar da ke ganin hanta ta tafin hannu. Ciwon hanta da jini ake gane shi, a ɗakin gwaji. Mai yin allurar gaskiya shekaru yake yi yana koyo, don in aka soka ta da zurfi a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. Wanda zai kwashe kayansa kafin la'asar, kasuwa mai zuwa yana wani gari, wa za ki kama in abu ya ɓaci? Kuɗin zubinmu dala-dala muka tara su.

Mu dai tamu allurar ita ce ƙaho, kuma yanzu ne lokacinsa. Da zafi ya fara, sai ka ga layi gindin bedi ranar kasuwa, wanzami na tsaga yana kafa ƙaho a baya da ƙeya. Ba mu zo hana kowa ba. Malamai sun ce sunna ce, iyayenmu sun yi, kuma da yawa cikinmu na jin jiki ya saki bayansa. Wanzamin gidanmu shi ne na suna, shi ne na aski, akwai kunya tsakani. Amma kunyar nan kada ta hana mu faɗin abu biyu.

Na farko aska. Ƙwayar ciwon hanta, wadda ke kawo shawara ta kumbura ciki bayan shekaru, ta jini take bi, kuma tana iya yin mako guda da rai a jikin ƙarfen da jini ya bushe a kai. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Mai ɗauke da ita kuma sau da yawa lafiyarsa lau a ido, shi kansa bai sani ba. Haka ƙwayar sida. Ɗiyanmu da aka yi ma rigakafin jarirai sun samu kariya daga ciwon hantar, mu manya akasarinmu ba mu samu ba. Reza sabuwa dala biyar ce ko goma. Ki saya ki tafi da abarki, ki ɓare ta gabansa, in an gama ki karɓa ki jefa a masai. Ƙahon ma a wanke da sabulu a tafasa. Wanzamai da yawa sun riga sun karɓi wannan, wanda ya ji haushi kuwa ki ce masa dokar ƙungiya ce, ya ga laifinmu.

Na biyu jinin kansa. Mukan ga ya fito baƙi ya daskare, mu ce mataccen jini ne, gara da ya fita. Jinin da ke komawa zuciya da ma haka launinsa yake, kuma kowane jini in ya fito ya zauna sai ya daskare, ko na ragon layya. Jininki ne mai rai. Kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Mai ciki, da mai jego, da wadda ke ganin jiri in ta miƙe, da wadda cikin idonta ya yi fari, da mai sikila, ba su da na zubarwa. Kasalar da suke ji, wadda ake cewa jini ne ya yi yawa, sau da yawa jinin ne ya yi kaɗan. Su ƙwayar ƙarin jini ta awo ta kamace su, da wake, da zogale, da hanta in an samu. Yara ƙanana kuwa a bar su da aska, ko ta ƙaho ko ta tsaga.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. In an gaji da saurare, a tashi mai gyangyaɗi.

Ciwon wuya iri biyu ne a wannan lokaci, kuma wuri ɗaya suke kamawa, daidai ƙeyar da ake kafa ƙaho. Akwai wuyan kaya: na tulu, na itace, na buhun albasa, na duwatsun da iyayenmu mata suka ɗauka a ka tun da aka fara aikin Keita a 1984, wanda har gobe muke ɗauka a aikin rabin wata. Wannan a hankali yake zuwa, ya daɗe tare da ke, jiki ba zafi, kina cin tuwonki kina hira. Shi yana iya jiran ranar kasuwa. A gasa shi da ruwan ɗumi, a yi tausa, a yi ƙaho in ana so.

Akwai kuma wuyan sanƙarau. Shi rana ɗaya yake faɗowa. Yaro ya tashi lafiya, da azahar jiki ya yi zafi rau, kai kamar zai tsage, amai, ba ya son haske, wuya ya ƙage. Ki kwantar da shi rigingine ki ce ya kai haɓarsa ƙirji, ba ya iyawa, ko ya yi ƙara in kin ɗaga kan. Daga nan sai sambatu, ko barcin da ba a iya tayarwa, ko suma da fizge-fizge. Jinjiri kuwa wuyansa ba lalle ya ƙage ba. Shi sai dai ya ƙi nono, ya yi ta wani kuka mai tsini, jiki ya saki ko ya sandare, maɗiga ta kumburo. Wannan ciwon yana kashewa cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, yana iya ɗaukar rabin waɗanda ya kama. Cikin waɗanda suka tashi ma, kusan ɗaya cikin biyar na fita da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko ƙwaƙwalwa ta taɓu. Kowane gari cikin garuruwanmu akwai kurman da aka haifa yana ji.

Dalilin da ya sa yake zuwa yanzu ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar cutar na zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi masu komai. Watannin hunturu, ƙura da busasshiyar iska sun gama kankare cikin hanci da maƙogwaro, ga mura ta ƙara, sai ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Tari da atishawa ke yaɗa ta, musamman inda aka kwana da yawa a ɗaki ɗaya an toshe taga. Muna tsakiyar wani yanki ne na ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda ciwon ke tashi da rani ya lafa in ruwa ya sauka. A 2015, daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, Nijar ta ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka rasu. Wata za ta ce ai an yi mana allurar sanƙarau. Gaskiya ne, wadda aka fara a 2010 ta yi aiki ƙwarai, irin da ake ce ma A kusan ya ɓace. Amma ƙwayar iri-iri ce, kuma ta 2015 irin C ce. A 2024 aka fara amfani da sabuwar rigakafi mai tare iri biyar, Najeriya ta fara, Nijar ta bi. Duk ranar da aka yi shelar rigakafi a garinku, a kai yara da ƴan mata da samari, kada a ce an taɓa yi.

Abin da ke faruwa a gidajenmu mun san shi. Yaro ya ce wuya, sai a ce iska ce ta buge shi, ko kwanciya ce, ko jini ya hau. A kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya, a yi turare, a jiƙa saiwa, a ce a ga safiya. Babu mai mugun nufi cikin masu yin haka, kowa so yake yaron ya tashi. Amma daren nan shi ne duk abin da yaron ke da shi. Maganin allura ce ta likita mai kashe ƙwayar, kuma gwargwadon saurin fara ta, gwargwadon tsira. A yi addu'a a bisa hanya, a tofa a cikin amalanke. Zazzaɓi da wuya, ko zazzaɓi da suma, ko jinjirin da ya ƙi nono: CSI, a daren, ko ƙarfe nawa ne. A buga ma manjo ƙofa, aikinsa ne.

Akwai wata allurar da muke gudu, ita ce ta ɗiban ruwan baya. Mun sha jin ana cewa ita ke gurgunta yaro, har wasu su sulale da maras lafiya daga asibiti. Ƴan uwa, abin mamaki, muna shirin biyan mota zuwa Yamai a cika mana baya da allurai, ga guda ɗaya da ke nuna ma lokotoro ciwon da irinsa muna ƙi. Ɗan ruwan da ake ɗiba jiki na mayar da shi cikin sa'o'i. Kurumta da shanyewar da ake gani bayan sanƙarau aikin ciwon ne, musamman in an makara.

To me ke sa a makara? In muka cire rashin sani, abu biyu ne, kuma duka biyun ƙungiya na da hannu a kansu. Ɗaya izini. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa rabin mazanmu na wajen biɗa, wani Abijan, wani Legas, wani Libiya ko Aljeriya. Tsakar dare waya ba ta shiga, ko babu caji, uwar miji ta ce ita ba ta iya yanke magana, ƙanen miji ya ce a jira yaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan makon, lokacin da kowa ke lafiya, kowace ta kira maigidanta ta ce: in yaro ya yi zazzaɓi da wuya ko ya suma, ka yarda in kai shi likita ba sai na same ka ba? Ya faɗa da bakinsa, ya kuma faɗa ma inna da wanda ya bar ma gida. In da hali ya aiko da murya ta WhatsApp a ajiye. Ba mu taɓa jin uban da ya ce a'a ba in an tambaye shi da rana tsaka cikin natsuwa.

Ɗayan kuɗin hanya. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, amma ba ta ɗauke kuɗin kabu-kabu ba, kuma wani lokaci a rubuta maki takarda ki sayo a waje. Tsarin Mata Masu Dubara, tun da aka faro shi a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinsa shi ne akwati ba ya buɗuwa sai gaban kowa. Wannan doka ita ta tsare mana kuɗi da zumunci, ba mu ce a taɓa ta ba. Sai dai makulli uku a hannun mata uku, wata ta tafi biki Tabotaki, wata na kwana a garka, ba su da amfani ƙarfe biyun dare. Shawararmu, daga yanzu har ruwa ya sauka, kowace ƙungiya ta fidda wani abu daga asusun taimako, jika biyar ko goma gwargwadon ƙarfinta da nisanta da likita, a ƙidaya gaban kowa, a rubuta, a damƙa ma ma'aji a waje da akwati. Wadda ta buga ƙofa da dare a ba ta da shaida ɗaya, bayani sai ranar zubi. A bangon littafin ƙungiya kuma a rubuta lambar masu kabu-kabu biyu da mai amalanke ɗaya da suka yarda a tashe su. Wasu za su ce kuɗin da ke waje da akwati ƙafa gare su. Mun ji. Shi ya sa za a riƙa nuna su kowane zubi, a ƙidaya a mayar.

Ƙyanda ma lokacinta ne, a duba katin awon yara: allurar wata tara, da ta biyun da ake komawa bayan yaro ya wuce shekara.

Sauran maganar ta zafi ce, kuma mun san ta, tuni kawai. Shekarun nan azumi na faɗowa daidai wannan tsakanin. Daga buɗa baki zuwa sahur a yi ta shan ruwa kaɗan-kaɗan, da hura, da ruwan tsamiya, kada a tara shi duka sai an kusa kiran salla. Fitsari in ya yi ja ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa. Daka da jan ruwa da cirar albasa a kai su sanyin safiya. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, sai an miƙa masu. Jinjirin da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi ko a bazara, uwar ce za ta ƙara sha. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon suga su tambayi malam su tambayi likita, addini ya yi masu sauƙi. In zawo ya kama yaro, ga garin nan na likita da ake kaɗawa a lita ɗaya, in babu shi a kaɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Sai ƙwayoyin ƴan tebur, da muke haɗiya don baya ya bar mu mu yi aiki. Masu kashe ciwon jikin nan, in aka sha su ciki wayam, jiki kuma ba ruwa, suna cin tumbi suna taɓa ƙoda. Tramol kuwa kun ga abin da ya yi ma samarinmu, kuma jagorar OMS ɗin nan da muka ambata ta ce kada a yi amfani da irinsa don ciwon ƙugun da ya daɗe. Abin da ke taimakon baya ba ya da tsada, sai dai ba ya da daɗin ji: a raba kaya biyu a yi sawu biyu, a durƙusa da gwiwa a ɗauka maimakon a sunkuya, a ƙara ma tsintsiya tsawo, a yi ganwo mai kauri, kada a kwanta kwana da kwanaki don baya na ciwo, tafiya a hankali ta fi. Ƴan mata ƙanana kuma a rage masu jarka, tun yanzu ake fara wuyan kaya. Ƙungiyoyin da ke tunanin abin da za su yi da ribar bana, amalanken jaki na ɗibar ruwa ko kuɗin niƙa na haɗin gwiwa su ma maganin baya ne, a sa su cikin lissafi.

Kowace ƙungiya ta aiko mana ta hannun wakiliyarta nawa ta ware na dare, da wa ke riƙe da shi, za mu buga sunayen garuruwan da suka yi. Fitowa ta gaba maganar rudu ce da bashin albasa: a sayar yanzu da araha ko a ajiye zuwa damina. Masu garka na Galma da Karofan su shirya mana lissafinsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da matafiyanmu lafiya. Sai wata mai zuwa.